Abdu Mumuni da Matsayin Na'ura a Koyarwar Jami'a

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya yi karatu a tsohuwar jami'ar Yamai ya san sunan Abdu Mumuni, domin shi ne sunan da ke bisa takardar shaidarsa. Sai dai kaɗan ne daga cikin ɗalibai suka san abin da mutumin ya tsaya a kai. Wasu sun san shi a matsayin masanin makamashin hasken rana, wasu kuma a matsayin marubucin wani littafi a kan ilimi. Wannan takarda za ta yi ƙoƙarin haɗa fuskokin nan biyu wuri guda, domin ta haka ne ake iya gane ra'ayinsa game da matsayin na'ura a wajen koyarwa.

Abdu Mumuni ya rasu a 1991, kafin intanet ta iso Nijar. Amma tambayar da ake yi yau a kan kwamfuta da wayar hannu, ita ce aka yi a zamaninsa a kan rediyo da talabijin da rakoda, wato: ƙasar da ba ta da isassun malamai da littattafai, za ta iya cike giɓin da na'ura? Amsar da ake samu daga rubutunsa da aikinsa ita ce, na'ura tana koyarwa ne idan masu amfani da ita sun san cikinta, suna iya gyara ta, kuma tana magana da harshen da ɗalibi yake tunani da shi. Za mu bi tarihin rayuwarsa, mu dubi littafinsa, mu kwatanta aikinsa da wani gwaji da aka yi a Nijar a lokaci guda, sa'an nan mu ga inda tarihi ya gaskata shi da inda bai gaskata shi ba.

2.0 Taƙaitaccen Tarihin Rayuwarsa

An haifi Abdu Mumuni Diyofo, wanda ake rubuta sunansa Abdou Moumouni Dioffo a takardun hukuma, ranar 26 ga watan Yuni na 1929 a garin Tasawa. Asalin gidansu na Kirtashi ne, a bakin kogin Isa. Bayan karatun farko a Damagaram da Yamai, sai ya wuce makarantar William Ponty ta ƙasar Senegal. Wannan makaranta ita ce Faransawa suka kafa don horar da malaman lakwal da akawuna na ƙasashen da suke mulka a Afirka ta Yamma, kuma Bubu Hama da Jori Hamani duk sun bi ta cikinta kafin shi.

Daga Dakar ya tafi Faransa, inda ya karanci kimiyyar fizik a birnin Paris. A 1956 ya ci jarrabawar gasa ta zaɓen manyan malamai, wadda Faransawa ke kira agiregasiyon. Shi ne ɗan Afirka na farko daga ƙasashen rainon Faransa da ya ci ta a fannin fizik. A zaman da ya yi can, yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar ɗaliban Afirka baƙar fata a Faransa, wadda ta yi fice wajen neman ƴancin kai.

Ya fara koyarwa a Dakar. A watan Satumba na 1958 ƙasar Gini, a ƙarƙashin Seku Ture, ta ƙi amincewa da tsarin da Janar De Gol ya kawo, ta zaɓi ƴancin kai nan take. Faransa ta mayar da martani ta hanyar janye ma'aikatanta da malamanta. Abdu Mumuni yana cikin ƴan bokon Afirka da suka bar ayyukansu suka tafi Konakiri don kada makarantu su rufe, kamar yadda masanin tarihi Joseph Ki-Zerbo ya yi. A can ya ga da idonsa abin da Hausawa ke nufi da cewa zanen aro ba ya rufe katara: makarantar da aka gina bisa malaman aro tana iya tsayawa cikin ɗan lokaci kaɗan.

A farkon shekarun 1960 ya je Tarayyar Sobiyet ya ƙware a binciken makamashin rana. Daga 1964 zuwa 1969 ya zauna a Bamako yana koyarwa a babbar makarantar horar da malamai, ya kuma kafa wa ƙasar Mali ɗakin gwaje-gwajen makamashin rana. A 1967 ya sami babban digirin dakta a Paris. A 1969 ya komo gida ya shugabanci ofishin makamashin rana na Nijar, wato ONERSOL, har zuwa 1985. Ya koyar da fizik a jami'ar Yamai, ya kuma zama shugabanta a 1979, bayan masanin lissafi Bubakar Ba. Ya rasu a Yamai ranar 7 ga watan Afirilu na 1991, aka sa wa jami'ar sunansa a 1992.

3.0 Littafin 1964 da Abin da Ya Ƙunsa

A 1964 kamfanin Maspero na Paris ya buga littafinsa mai suna L'Éducation en Afrique, wato "Ilimi a Afirka". An fassara shi zuwa Ingilishi a 1968, aka kuma sake buga shi da Faransanci a 1998. Littafin ya taɓo manyan al'amura uku: tarbiyyar gargajiya kafin zuwan Turawa, da makarantar zamanin mulkin mallaka, da kuma gyaran da ya kamata sababbin ƙasashe su yi.

Game da tarbiyyar gargajiya, marubucin ya nuna cewa aiki ne na jama'a gaba ɗaya, ba ta rabuwa da rayuwar yau da kullum, tana haɗa hali da sana'a da sani, kuma tana tafiya daki-daki daidai da girman yaro. Domin a fahimci wannan, mu ɗauki misali daga ƙasar Hausa. Ɗan maƙeri yana farawa da ɗauko gawayi da zuga wuta, daga baya a ba shi awartaki ya riƙe ƙarfe, sai can gaba ya ɗauki masaba. Kafin ya ƙera fartanyarsa ta farko, ya riga ya san sunan kowane kayan aiki, ya san amfaninsa, in ya lalace kuma ya san yadda ake gyara shi. Ba a taɓa raba shi da kayan aikin ba, kuma da harshensa aka yi masa bayani. Amma Abdu Mumuni bai ce a koma jiya ba. Ya yarda cewa tarbiyyar nan tana da iyaka, musamman inda babu rubutu, kuma ba za ta iya ɗaukar nauyin kimiyyar zamani ita kaɗai ba.

Game da makarantar Turawa, ya nuna cewa an kafa ta ne don samar da ƴan tsirarun mataimaka ga masu mulki, kamar tafintoci da akawuna. Ta kori harsunan ƙasa daga aji, ta raina aikin hannu, ta kuma bar mafi yawan yara a waje. A Nijar, lokacin samun ƴancin kai a 1960, yaran da ke zuwa lakwal ba su kai kashi 5 cikin 100 ba. Abin da ya fi damunsa shi ne, bayan ƴanci aka ci gaba da tsarin nan kusan yadda aka gaje shi. Saboda haka ya nemi a koyar da yara da manya da harsunan Afirka, a ɗaura karatu da aikin samar da abin masarufi, a ba kimiyya da fasaha babban matsayi, kuma jami'o'i su mai da bincikensu ga matsalolin ƙasashensu.

Idan aka yi la'akari da waɗannan, ana iya fitar da ma'aunai uku da za a auna kowace na'urar koyarwa da su. Na farko, bukata ce ke gaba, na'ura ta biyo baya. Na biyu, dole ɗalibi ya sa hannu a cikin na'urar, kada ya tsaya ga kallo. Na uku, a duba harshen da na'urar take ɗauke da shi, da kuma wanda ya shirya abin da ke cikinta. Da waɗannan ma'aunai za mu dubi abin da ya faru a Nijar.

4.0 Hanyoyi Biyu a Ƙasa Ɗaya

4.1 Talabijin ta Lakwal

A shekarar da littafin ya fito, wato 1964, aka fara wani gwaji a Nijar wanda ya yi suna a duniya, shi ne koyar da yaran firamare ta talabijin. Faransa ce ta ba da kuɗi da ƙwararru. An fara da azuzuwa biyu a Yamai, daga baya aka kai azuzuwa 22 masu yara wajen 800. Dabarar ita ce, ƙwararru su shirya gajerun darussa a ɗakin watsa shirye-shirye, a nuna su sau da yawa a yini, sa'an nan wani mai kula da aji, wanda shi kansa bai wuce firamare ba sai ɗan horon da aka yi masa, ya bi da yaran ta tambayoyi da wasanni. Ke nan an ɗora wa akwatin talabijin nauyin da ƙwararren malami ya saba ɗauka.

Ba za a ce gwajin bai yi amfani ba. Masu bincike da suka duba shi sun yaba da yadda yaran suka saki baki da Faransanci, da yadda suke son zuwa aji. Masanin sadarwa na Amurka Wilbur Schramm ya sa shi cikin misalan da ya nazarta a rubuce-rubucensa. Haka kuma, da yake ƙauyuka ba su da lantarki, kuma batura suna da tsada, a 1968 aka gwada kunna akwatin wata makaranta kusa da Yamai da farantin hasken rana, abin da ba a saba gani ba a lokacin.

Duk da haka, gwajin bai taɓa kaiwa ga mafi yawan yaran ƙasar ba, kuma zuwa ƙarshen shekarun 1970 ya tsaya, kayansa da ma'aikatansa suka zama tushen gidan talabijin na ƙasa. Ƙasar Kwaddibuwa, wadda ta ɗauki irin wannan tsari da faɗi ƙwarai daga 1971, ita ma ta daina a 1982, bayan koke-koken iyaye da malamai da kuma nauyin kuɗi. In muka koma ga ma'aunan nan uku, za mu ga cewa bukatar ta gaskiya ce, domin babu malamai. Amma akwatunan daga waje suke, manyan masu tsara shirin a farkonsa baƙi ne, harshen kuma Faransanci ne tun ranar farko ga yaron da bai taɓa jin sa a gida ba. Ko da yake a firamare aka yi gwajin, darasinsa ya shafi jami'a kai tsaye, domin jami'a ce ya kamata ta samar da masu tsara darasi da masu gyaran na'ura, alhali a 1964 Nijar ba ta da jami'a. Sai a 1971 aka buɗe cibiyar ilimi mai zurfi a Yamai, wadda ta zama jami'a a 1973.

4.2 Ofishin Makamashin Rana

Hanyar da Abdu Mumuni ya bi a ONERSOL ta bambanta da wannan. Ya fara ne da abin da ƙasar take da shi a yalwace, wato rana, da kuma abin da take rasawa, wato itacen girki da man fetur da tsabtataccen ruwa. Tun a 1964 ya buga wata maƙala a mujallar Présence Africaine a kan makamashin rana a ƙasashen Afirka. A ƙarƙashinsa ofishin ya yi bincike ya kuma ƙera na'urorin ɗumama ruwa, da na tace ruwa, da na busar da amfanin gona, da murhun rana, har da injin da ke aiki da zafin rana.

Yana da kyau ɗalibin harshe ya san yadda ɗaya daga cikinsu take aiki, domin ya ga abin da ake nufi da na'urar da ke koyarwa. Na'urar ɗumama ruwa akwati ne marar zurfi, a cikinsa akwai farantin ƙarfe da aka shafa wa baƙin fenti, an bi jikinsa da bututu, an rufe samansa da gilashi. Baƙin ƙarfe yana shan hasken rana ya yi zafi, gilashi kuma yana barin haske ya shiga amma yana tsare zafin. Ruwan da ke cikin bututu in ya yi zafi sai nauyinsa ya ragu ya hau zuwa tankin da ke sama, mai sanyi ya sauko ya maye gurbinsa. Haka ruwan zai yi ta kewayawa ba tare da famfo ko lantarki ba. Wanda ya auna zafin ruwan nan da safe da azahar da la'asar, ya canza karkatar akwatin ya sake aunawa, ya koyi babi guda na fizik da hannunsa. Bugu da ƙari, mai walda na cikin gari zai iya yin irinta, in ta yi yoyo kuma ba sai an jira wani daga Turai ba.

A nan ne ake ganin ra'ayin malamin a aikace. Mutum guda ne yake koyar da ka'ida a jami'a, yake bincike a ɗakin gwaje-gwaje, yake kuma lura da wurin ƙira. Na'ura a wurinsa ita kanta darasi ce da ake buɗewa a duba, kamar yadda ɗan maƙeri yake duba zuga-zugin ubansa. A talabijin ta lakwal ilimi yana fitowa ne daga cikin akwatin da ba a buɗewa. A ONERSOL kuwa buɗe akwatin shi ne karatun.

5.0 Rakoda da Harsunan Ƙasa

Ma'auni na uku, wato harshe, shi ya fi shafar ɗaliban wannan sashe, kuma akwai wata ƙaramar na'ura da ta nuna muhimmancinsa. A 1962 aka kafa ƙungiyar kulob-kulob na rediyo a Nijar. Masu jagorancin kulob suna tara mutanen gari su saurari shiri, a tattauna, a ɗauki muryoyinsu a rakoda, a aika Yamai a sa a rediyo. Na'urar daga waje ta zo, amma abin da ke cikinta na mutanen ne, da Hausa da Zabarmanci da sauran harsuna.

Irin wannan rakoda ce ta zama babban kayan aikin masu binciken harshe da tarihi. A 1968 aka kafa cibiyar tattara adabin baka a Yamai da taimakon UNESCO, wadda a 1974 ta koma ƙarƙashin Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka, aka san ta da suna CELHTO. Sai dai faifan da aka ɗauka ba ya zama abin nazari sai an mai da shi rubutu, rubutu kuma yana bukatar ƙa'ida. Shi ya sa taron da UNESCO ta kira a Bamako a 1966 don daidaita baƙaƙen Hausa da Fulatanci da Barbarci da Zabarmanci da Buzanci da Mandinko yake da muhimmanci, haka ma taron Yamai na 1980 da ya nemi daidaita rubutun Hausa tsakanin Nijar da Nijeriya. A 1973 kuma aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram. Duk waɗannan sun nuna cewa bayan kowace na'ura mai amfani akwai aikin mutanen da suka san harshe.

Akasin haka ma ya faru. Keken rubutun da ake sayowa daga Turai ba shi da baƙaƙen nan masu lanƙwasa, wato ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, sai mai bugu ya bi da alƙalami yana ƙara musu ƙugiya. Da kwamfuta ta zo, ko da yake tsarin baƙaƙe na duniya mai suna Unicode ya tanade su tun farkon shekarun 1990, an daɗe ana rubuta Hausa a intanet ba tare da su ba, domin allon bugu bai ba su wuri ba. Ta haka "baki" da "baƙi" suka zama ɗaya, "kafa" da "ƙafa" suka zama ɗaya. Wannan ƙaramin misali ne na yadda na'urar da ba a yi don harshenka ba take sa ka rage harshen domin ya shiga cikinta.

6.0 Daga Tauraron Ɗan'adam Zuwa Wayar Hannu

Bayan rasuwar Abdu Mumuni, tambayar ta sake dawowa, wannan karon a jami'a. A 1997 Bankin Duniya ya ƙaddamar da shirin jami'ar Afirka ta koyarwa daga nesa. A farkonsa, malamai a jami'o'in Amurka da Kanada da Turai ne suke ba da lacca, a watsa ta tauraron ɗan'adam zuwa ɗakunan karatu a jami'o'in Afirka, ɗalibai su yi tambaya ta tarho ko wasiƙar intanet. Mai karatu zai ga kamannin wannan da talabijin ta lakwal: ilimi daga nesa, ɗalibi yana kallo, malamin gida ya koma mai kula da aji. A 2002 shirin ya tsaya da ƙafarsa da mazauni a Nairobi, daga baya kuma ya karkata ga sa malaman jami'o'in Afirka su rubuta darussan da kansu. Wato da sannu aka komo kan ma'aunin wanda ya shirya abin da ke cikin na'ura.

A cikin shekarun 2000 ƙungiyar jami'o'in ƙasashe masu amfani da Faransanci ta buɗe cibiyoyin intanet a jami'o'i da dama, har da ta Yamai. Amfaninsu a fili yake, domin ɗalibin da ɗakin karatunsa ba shi da sababbin mujallu ya sami hanyar karanta su. Amma jarrabawa mafi tsanani ta zo ne a watan Maris na 2020, lokacin da annobar korona ta sa aka rufe makarantu da jami'o'i. A ƙasar da wajen mutum ɗaya cikin biyar ne yake da lantarki a lokacin, karatu ta intanet ya dogara ga wanda ke da wayar zamani, da kuɗin sayen lokacin shiga, da wurin cajin batir. Abin lura shi ne, matsalar da ta sa aka nemi farantin rana don akwatin talabijin a 1968, ita ce ta tare ɗalibi a 2020. Malamin da ya ce a fara da makamashi bai yi kuskuren gane tushen al'amarin ba.

7.0 Inda Tarihi Bai Bi Ra'ayinsa Ba

Adalci ya wajabta a faɗi cewa hanyar Abdu Mumuni ita ma ba ta kai inda ya so ba. Na'urorin ONERSOL sun fi ƙarfin aljihun talaka, kuma gilashi da ƙarfen da ake yin su da su daga waje ake sayowa. Da farashin yuraniyom ya faɗi a farkon shekarun 1980, kuɗin gwamnati ya ragu, bincike yana cikin abubuwan da suka sha wuya. A 1998 aka sake wa ofishin tsari ya zama cibiyar makamashin rana ta ƙasa.

Abin da ya yaɗa makamashin rana a ƙarshe shi ne farantan da ke mai da haske lantarki, waɗanda ake yi a manyan masana'antu, galibi a ƙasar Sin. Farashinsu ya faɗi da kusan kashi 90 cikin 100 tsakanin 2010 da 2020. Da irinsu aka gina tashar Malbaza mai megawat 7 a 2018, da ta Goru Banda kusa da Yamai mai megawat 30 a 2023. Ke nan hasashensa a kan rana ya tabbata, amma da kayan da ba a ƙera a gida ba. Haka abin yake ga kwamfuta da waya. Babu jami'ar da za ta ce sai ta ƙera nata kafin ta yi amfani da su. Saboda haka ma'auni na biyu yana bukatar a sake masa fassara: sa hannu a yau yana nufin sanin yadda na'ura take aiki, da iya girka ta da gyara ta, da iya zuba mata abin da mu muka shirya.

A fannin harshe ma tafiyar ba ta yi sauri ba. Littafin da ya yi kira a koyar da harsunan Afirka da Faransanci aka rubuta shi, da Faransanci kuma marubucin ya koyar da fizik har ƙarshen rayuwarsa. Dokar tsarin ilimi ta 1998 ta ba harsunan ƙasa wuri a matsayin harsunan koyarwa, kuma a 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Amma doka ba ta ƙirƙiro kalmomin kimiyya, ba ta rubuta littafin aji. Wannan aiki ne na mutane, kuma har yanzu da sauransa da yawa.

8.0 Kammalawa

A taƙaice, mun ga cewa cikin shekaru sittin an kawo wa aji na'urori iri-iri, daga rediyo da talabijin zuwa tauraron ɗan'adam da wayar hannu, kuma kowace an zo da ita da fatan za ta rufe ƙarancin malamai. Waɗanda suka bar abin kirki su ne waɗanda mutanen wurin suka karɓa suka cika da nasu, kamar rakoda a hannun masu tattara adabin baka. Waɗanda aka bar wa baƙi shirya cikinsu kuwa sun tsaya da tsayawar kuɗin baƙin.

Wannan ya shafi ɗalibin Hausa a yau fiye da jiya. Tun 2013 manhajar fassara ta Google take karɓar Hausa, kuma yanzu akwai na'urorin da ke amsa tambaya da rubuta bayani da ita. Amma rubutun Hausa na yau da kullum ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, saboda haka "gari" na zama da "gari" na tuwo siffarsu ɗaya a takarda. Mai harshe yana rarrabe su ba tare da tunani ba, na'ura kuwa tana koyo ne daga abin da aka ba ta, in an ba ta gurɓatacce ta mayar da gurɓatacce. Wanda zai gane inda ta yi daidai da inda ta kauce shi ne wanda ya ƙware a nahawu da ƙa'idojin rubutu da karin harshe. Don haka ɗalibin da ke koyon ɗaukar magana a faifai, da mai da ita rubutu bisa ƙa'ida, da tsara kalmomin fannoni, yana yin irin aikin da Abdu Mumuni ya yi a wurin ƙira, ko da bai taɓa riƙe bututu ko gilashi ba.

Tambayoyin Bita

1. Kawo siffofi huɗu na tarbiyyar gargajiya kamar yadda aka bayyana a sashe na 3.0, ka ba da misali daga wata sana'a ban da ƙira.

2. Kwatanta talabijin ta lakwal da aikin ONERSOL ta yin amfani da ma'aunan nan uku.

3. Bayyana da kalmominka yadda na'urar ɗumama ruwa take aiki, ba tare da ka yi amfani da kalmar Faransanci ko ta Ingilishi ba.

4. Kawo kalmomi biyar da ma'anarsu ke canzawa idan aka bar baƙi mai lanƙwasa, ka sa kowace a cikin jimla.